Silimar Motoci da Baban Ummi

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga masaukinmu a Dengfeng, mu uku: ni da maiɗakina, sai wani dattijo mutumin Kumasi da ke loda min kaya a kwantena zuwa gida, wanda ya yarda ya zama direba kuma tafinta na yini guda. Ga wanda bai san Guangzhou ba, Dengfeng unguwa ce a gefen Xiaobei, inda da rana in ka rufe ido ka saurari surutun mutane sai ka rantse kana Fagge. A wannan lokacin kuwa shagunan waya da na 'yan canji duk a rufe suke, babu kowa sai masu shara da wata mata mai tura keken dafaffiyar masara. Na shiga gaban mota fuskata a murtuke. Ba da son raina aka yi wannan tafiyar ba, kuma gara in gaya muku dalili tun yanzu, kada ku ce Alhaji ya fara fushin tsufa.

Ummi, wadda muka je Chana saya wa kayan ɗaki, ba ni na haife ta ba. A Guangzhou aka haife ta, lokacin da mahaifinta ke zaune a Dengfeng yana aika wa 'yan kasuwar Kwari yadi. Sun koma Kano tana tatata, ya yi ciwon 'yan kwanaki, Allah ya karɓi abinsa. Na auri uwarta yarinyar ko firamare ba ta shiga ba. A gidana ta yi wayo, a gaban babur ɗina ta je makaranta, a tsakar gidana aka yi walimar saukarta, ni take ce wa Baba. Na taɓa korar ƙanena daga gidan saboda ya kira ta agola. Yanzu ga aure ya zo. Na san ranar ɗaurin aure baffanta ne waliyyi, haka addini ya tanada, ban ja ba. Ni nawa gado da kujeru da tukwane, sai kuma wannan kalma ta Baba da nake ganin babu mai raba ni da ita.

Ranar da za mu baro Kano na tambaye ta tsarabar da take so, ina jiran ta ce waya ko jaka. Sai ta durƙusa, ta sunkuyar da kai, ta ce, "Baba, Goggo ta ce min akwai wata silima a can da ake kallo daga cikin mota, wai Babana yakan kai Umma. In da hali ka je min ka gano wurin, ka ba ni labari." Babana. Duk zamanmu ban taɓa jin kalmar nan a bakinta ba sai ranar. Na ce to, amma abincin rana bai shiga ba.

Za ku ce me ya hana ta tambayi uwarta. Ku da kuka san gidajenmu kun san amsa. Ummi 'yar fari ce, uwarta ko sunanta ba ta faɗa, sai dai "waccan" ko "yarinyar nan". Matar da ba ta iya kallon idon 'yarta ta ce mata sannu, ita ce za ta zaunar da ita ta ba ta labarin yadda mijinta na fari ke kai ta silima? Saboda haka duk abin da Ummi ta sani game da mahaifinta bai wuce suna da hoto guda ba, kuma aiken ya faɗo kaina, ni da na fi kowa ƙin sa. Na yi ta jan ƙafa. Muka gama labule da zannuwan gado a kasuwar Shahe, muka gama kayan kicin, muka biya gado da kujeru, har babu sauran uzuri sai yini ɗaya kafin jirgi.

Mun bi ta Liuhua, muka wuce tsofaffin otal-otal na kusa da tashar jirgin ƙasa, muka hau babban titin yamma. Titin Chana dai kun sha jin labarinsa a wurina. Gada a kan gada, wata a kan wata, har mutum ya rasa wacce ce ƙasa. Babu rami, babu mai tsayar da kai ya ce ka kawo na goro, amma fa ƙofofin karɓar kuɗin hanya ba sa ƙarewa, kuma ba a roƙon ragi. Da muka shiga yankin Foshan sai shagunan kujeru suka fara, jere a kan jere, ka yi ta tafiya kana ganin kujera har ka ji kana son tsayuwa. Bayan nan gari ya buɗe. Tafkunan kiwon kifi hagu da dama, kowanne da injin da ke watsa ruwa a tsakiya, gonakin ayaba, rake, sai can nesa bututun wata masana'anta.

Da na sani da na ɗauki mai tasi ɗan Chana wanda ba zai ce min uffan ba. Ashe dattijon nan ya san marigayi, har ɗaki ɗaya suka taɓa zama. Ban ji haka ba sai da muka yi nisan da babu juyawa. Ya gyara zama, ya fara da irin Hausarsu ta Zango da ba ta raba mace da namiji: "Allah ya jiƙan shi. Mutumin nan fa dogo, kyakkyawa, Chanis a bakin shi kaman ruwa. In ya shiga kasuwa, lawban duka suna tashi tsaye. Hajiya ya sani, ko ba haka ba, Hajiya?" Lawban shi ne maigidan shago a bakin mutanen can. Ni kuwa kun san ni, in na tsaya a bayan kanta sai an leƙo ake ganina, kuma Sinancina bai wuce gaisuwa da neman ragi ba. Na ce masa ya kula da hanya. Ya kula da hanya na ɗan lokaci, sannan ya tuna cewa marigayi har ƙira'a gare shi.

Maiɗakina tana zaune a baya. Na saci kallonta ta madubi sau da yawa. Idonta na kan tafkunan kifi, fuskarta kuma a sake, wata irin sakewa da ban saba gani ba.

Hantsi ya yi muka tsaya karin kumallo a wani shagon Musulmin Chana, irin masu koren allo a ƙofa. Duk inda kuka ga koren allon nan ku shiga da ƙarfin gwiwa, halal ne. Taliya ce da ake ja da hannu a gabanka, a tsoma a romon naman sa, a watsa ganye da mai mai yaji. Kwano yuwan goma sha biyar a kuɗinsu, alhali a Xiaobei tuwo da miyar kuka sai ka ba da ninkin haka har uku, kuma kukar ta sha hanya. Aka kawo mana tsinkayen nan biyu da suke cin abinci da su. Na nemi cokali mai yatsu, mai shagon ya girgiza kai ya ce meyo, wato babu. Ina nan ina kokawa da taliya, tana zamewa tana fantsama min romo a gaban riga, sai na ɗaga kai na ga matata. Matar da na yi shekaru ina ci da ita a kwano ɗaya, ta riƙe tsinken nan a yatsu uku tana ɗauko taliya hankali kwance, ko ɗigo bai zuba ba. Ban tambayi wanda ya koya mata ba. Na ture kwanon na ce taliyar ta yi gishiri.

Garin da muke nema ƙarami ne, sunansa kuma ya fi ƙarfin harshena, don haka ku yi min afuwa. Taswirar waya ta kai mu garin, amma ba ta san wata silima ba. Dattijo ya yi ta sauke gilashi yana tambayar samari a kan babur, kowa ya dube mu, ya dubi juna, ya ce meyo. Har na fara jin daɗi a raina. Na ce to mun yi iya yinmu, Allah bai nufa ba, mu juya. Sai na ji murya daga baya, a hankali: "A haye 'yar gadar can. In an wuce wurin bautarsu mai jan rufi sai a yi hagu." Jama'a, matar nan har gobe in na sauke ta a Kwari sai ta kira ni a waya ta tambayi ta ina ake fita. Amma hanyar da ta bi fiye da shekara ashirin da suka wuce, a ƙasar da ba tata ba, tana nan a kanta har da launin rufi. Muka haye gada, muka ga jan rufi, muka yi hagu.

Bangon muka fara hangowa. Dogo ne ƙwarai, ya kai bene hawa uku, farin fentinsa ya koma ruwan toka, ruwan sama ya zana masa baƙaƙen layuka daga sama har ƙasa. Wata bishiya ta tsiro a kafaɗarsa ta hagu, saiwoyinta sun kama siminti. Filin da ke gabansa ya zama makarantar koyon tuƙi. Ƙananan fararen motoci suna rarrafe tsakanin sanduna, malamai na tsaye a inuwar bangon suna daka musu tsawa. In ka lura da kyau za ka ga ƙasar filin tudu-tudu ce, layi bayan layi, an yi su ne don hancin mota ya ɗaga sama ya kalli allo. Masu koyo duk sun tsani tudun nan, domin a kansu mota ke mace musu.

A bakin ƙofa akwai wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya, inda wata tsohuwa ke sayar da ruwan sha da rake da taba. Ta ƙanƙance ido tana kallon mu muna fitowa daga mota. Da maiɗakina ta matso, sai tsohuwar ta ajiye wuƙar fere rake, ta fito da sauri, ta kama hannayenta biyu tana magana ba numfashi. Matata kuma ta ce, "Apo!" wato kaka, ta rungume ta. Ni ina gefe riƙe da jakar Hajiya da laima. Tsohuwar ta ɗaga hannunta sama can, alamar tsawo, tana waige-waige. Ba na buƙatar tafinta don in gane wanda take nema. Da aka gaya mata ya rasu tun tuni, sai ta zauna a kan benci. Can ta nuna ni da haɓa ta yi tambaya. Dattijo ya yi tari, ya ce wai tana tambaya ko direba zai sha ruwa. Matata ta yi sauri ta gyara mata. Tsohuwar ta dube ni daga hula har takalmi, kallon bai ɗauki lokaci ba don babu nisa, ta faɗi wata magana. Na ce me ta ce? Ya ce, "Ya ce sannu da zuwa." Maganar da na ji ta fi sannu da zuwa tsawo.

Ta ba mu kujerun roba, ta fere mana rake, ta ƙi karɓar ko sisi. Ita ce mai sayar da tikiti a zamanin, mijinta kuma shi ne mai kunna majigi. Ga tarihin wurin kamar yadda ta bayar, tafinta yana juya min.

Wani ɗan garin ne ya yi shekaru yana dafa abinci a Amurka, ya ga irin wannan silima a can, ta shiga ransa. Da ya dawo sai ya cike tafkin kifin da ya gada, ya gina bango. Mutanen gari suka ce ya zare, domin a lokacin masu mota a garin ana iya kiran sunayensu a zama ɗaya. Shi kuwa bai damu ba. Ya je wurin 'yan gwangwan ya sayo matattun motoci, aka cire injinansu, aka jera su a layukan baya, aka sa wa kowace rediyo da batir. Domin a irin wannan silima babu lasifika a fili, hoto yana bango, murya kuma ta rediyon mota take fitowa. Wanda ba shi da mota sai ya zo a keke ko a ƙafa, ya kama hayar matacciya, ya shiga ya rufe ƙofa ya zama mai mota har fim ya ƙare. Masu masana'antu daga Hong Kong suna layin gaba da motocinsu na gaske. Manoma kan zo a tarakta da iyalinsu. Ta ce da rana kaji ke shiga matattun motocin, kullum da yamma sai ta bi ta kwashe ƙwai kafin a buɗe ƙofa.

Na tambayi yadda aka yi mutanenmu suka san wurin. Da ban tambaya ba. Marigayi ne ya zo duba yadi a wata masaƙa a garin, ya ga bango, ya tsaya ya yi tambaya. Har silimar ma shi ya gano ta.

Dattijo ya karɓi labarin daga nan, don shi ma yana ciki, hanyar ce kawai ta ɓace masa saboda daɗewa. Kun san a Kano, musamman a wancan lokacin, a ce matar aure ta shiga silima, ai magana ce da za ta kai har gaban iyaye. A Dengfeng kuwa matan da aka kawo daga gida suna kulle a benaye, ba yare, ba maƙwabta, ba gidan suna ko na biki, sai taga da jiran miji. Wasu har rama suke yi. Marigayi ya tara maza ya kawo shawara. Aka yi ta gardama, wasu suka ce silima silima ce ko a cikin me aka shiga. Shi kuma ya ce mota ai ɗaki ce, mutum da iyalinsa, ƙofa a rufe, babu mai ganin wani. A ƙarshe aka gwada. Duk ranar Lahadi sai su ɗauki hayar bas, su zo gida-gida, su kama layin ƙarshe na matattun motoci gaba ɗaya. Mata su rataya zannuwa a tagogin gefe, a bar gilashin gaba kawai. In magariba ta yi maza su shimfiɗa tabarmi tsakanin motoci su yi jam'i, mai wurin kuma ya hana a kunna majigi sai sun sallame, ko da masu kuɗin layin gaba suna ta danna oda. Ana zuwa da kuloli, dambu da shinkafa da wake. Tsohuwar ta ce an taɓa ɗanɗana mata yajinmu, ta kwana biyu ba ta jin harshenta.

Ana cikin haka sai matata ta yi magana ba tare da an tambaye ta ba. Ta ce su ba sa jin yaren fim, marigayi ne ke fassara mata, ashe duk ƙarya yake shirgawa. Sarkin Chana ya buɗe baki, ya ce wai cewa ya yi a kawo masa fura da nono. Ta fara dariya. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, har mayafinta ya zame, har hawaye. Ni na san murmushinta, na san 'yar dariyar da take yi tana rufe baki. Wannan ban san ta ba. Na zauna ina tauna rake ina lissafin inda na taɓa kai ta: gidan biki, gidan rasuwa, asibiti, sai Umara. Kishi ya kama ni, ba zan ɓoye muku ba. Kishin mutumin da ke kwance a maƙabarta tun kafin in san matar.

Yadda wurin ya mutu babu wani abin mamaki. Aka gina manyan kantuna masu silima da sanyi a ciki, babu sauro, babu ruwan sama. Kowa ya samu mota ta gaske, sha'awar zama a matacciya ta fita. Mutanenmu suka ragu da biza ta yi wuya, aka mayar da mata gida. Wata guguwa ta kwashe rufin ɗakin majigi, mai wurin ya ce zai gyara, bai gyara ba ya mutu, 'ya'yansa kuma suna ƙasar waje. Aka sayar da matattun motocin ga 'yan gwangwan ɗin da aka sayo su a wurinsu. Mijin tsohuwar ya bi bayan maigidansa. Ita ta ƙi tashi daga ɗakin tikiti, masu makarantar tuƙi suka ƙyale ta.

Na ɗauka an gama. Har na miƙe na ɗauki hoton bango ta gaba da ta gefe. Sai tsohuwar ta yi alamar jijjiga jariri da hannu, ta tambayi ina 'yar nan mai kuka. Aka ce mata aure za ta yi. Ta tafa hannu, ta yi ta murna, sannan ta juya ga matata ta ce ko ta san yadda ake yi yarinyar ta yi barci?

Matata ta ce ta sani. Da an kunna rediyo sai yarinyar ta callara ihu, sai uban ya karɓe ta ya ce ke yi kallonki, ya fita da ita, can ya dawo da ita tana barci.

Tsohuwar ta girgiza kai. Ta ce ba ta yin barci a hannu. Ranar farko ya zo nan bakin ɗakin tikiti da ita, ya jijjiga, ya zagaya, ya yi waƙa, a banza. Ita ce ta ɗauko majanyin da take goya jikanta, irin nasu ja mai igiyoyi huɗu, ta nuna masa. Ya waiga hagu da dama, ya tabbatar babu ɗan uwansa da ke kallo, ya tuɓe babbar riga, ya duƙa. Ta ɗora masa yarinyar a baya ta ɗaure. Nan take ta yi shiru. Daga ranar kowace Lahadi haka ake yi. Ya goya ta, ya yi ta kai da kawo a bayan ɗakin tikiti inda babu fitila, yana hango hoto a bango daga nesa ba murya, tunda murya tana cikin motoci. Bai taɓa ganin ƙarshen fim ko ɗaya da sauti ba. In an kusa tashi sai ta kwance masa, ya mayar da rigarsa, ya ɗauki yarinyar a kafaɗa ya koma mota. Ya roƙe ta kada ta gaya wa kowa, ko matarsa, don in mutanensa suka ji namiji ya yi goyo ba zai ƙara shiga Dengfeng da hula a kai ba. Ta ce ta riƙe masa amana duk shekarun nan, amma tunda ya tafi, kuma 'yar za ta yi aure, ya kamata a sani.

Dattijo ya gama fassara, ya ce wallahi shi ma bai sani ba. Matata ba ta yi kuka mai sauti ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na motsi. A gabana, ina riƙe da jakarta, aka ƙara mata son mijinta na fari. Ni kuma na shiga duba nawa. Na kai Ummi makaranta, na kai ta asibiti, na yi faɗa saboda ita, na yi mata faɗa. Amma ban taɓa goya ta ba, kuma da an ce in yi da ban yi ba. Duk abin da na ɗora a sikeli sai na ga goyon nan ya rinjaye shi.

Mun yi azahar a inda layin ƙarshe yake da, masu koyon tuƙi suna kallon mu. Matata ta daɗe tana yi wa marigayi addu'a. Ni ma na yi masa, amma Allah ya san tawa ba ta yi tsawo ba. Tsohuwar ta cika mana leda da rake, ta riƙe hannun matata har bakin mota.

Muka kamo hanyar dawowa. Cunkoson yamma ya kama mu a shigar gari, muka yi ta rarrafe a kan gada. A nan ne matata ta yi magana, idonta a waje. Ta ce, "Alhaji, in ka ga dama ka gaya mata. In ba ka ga dama ba shi ke nan. Ni dai ka san ba zan iya ba." Daga nan ba ta ƙara tayar da zancen ba, har yau.

Wato labarin ya zama nawa ni kaɗai. Tsohuwa tana ƙauyensu, dattijo yana Guangzhou, uwar kuma kunya ta ɗaure mata baki. A cikin jirgi na shirya abin da zan faɗa tsaf. Ga hoton bango, wurin ya zama makarantar tuƙi, an ce da ana kallo daga mota, shi ke nan. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, kuma na cika aike. Yarinya za ta ce ta gode, ta tafi gidan mijinta da uba ɗaya mai rai da wani suna a jikin hoto. In kuwa na faɗi sauran, da bakina zan gina mata mutumin da ba zan taɓa iya kamowa ba, mutumin da bai taɓa hana ta zuwa ko'ina ba, bai taɓa ɗaga mata murya ba, sai goyo. Har muka sauka Kano ban yanke shawara ba.

Na kwana biyu ina zille wa Ummi. In ta shigo gaishe ni sai in ɗauki waya in hau faɗa da mutanen kwantena. Ita kuma ba ta tambaya ba, sai dai in ga ta ɗan daɗe a durƙushe kafin ta tashi. Wannan jiran nata shi ya karya ni. Abin da tafiyar nan ta koya min ke nan, in kuna son ku sani: ana iya yin kishin mamaci, kuma yana da zafi fiye da na mai rai, don ba ya yin kuskuren da zai rage masa daraja. Amma abin da ya bari na 'yarsa ne. Ni hannuna kawai ya biyo.

Ranar Juma'a bayan la'asar ta kawo min shayi, na ce ta zauna. Uwarta na jin haka ta tashi ta shige kicin, ta kunna famfo. Na nuna mata bango. Na ba ta labarin matattun motoci da kaji, ta yi dariya. Na ba ta na zannuwa a taga da sallar magariba da sarkin da ya nemi fura. Na faɗi tsawonsa, na faɗi Sinancinsa, har ƙira'ar ban rage ba. Sannan na kurɓi shayi, na ce mata, "Babanki goya ki yake yi." Na faɗa mata duka, da jan majanyi, da tuɓe riga, da waige-waigen, da fim ba murya.

Ta daɗe kanta a ƙasa, hawaye na ɗiga a kan tiren shayi. A kicin famfo na ta zuba, babu ƙarar kwano ko ɗaya. Can ta share fuska da gefen hijabi ta ce, "Allah ya jiƙan Babana." Ta ɗago ta dube ni, abin da ba ta cika yi ba, ta ce, "Allah ya saka da alheri, Baba."

Na lura da wanda ta fara ambata, ba zan ce ban lura ba. Na ce amin, sau biyu.